Kujerar Kano ta Gabas: wa ya ci, wa ya faɗi, kuma ta wace hanya?

Ɗan Gwammaja:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Duk lokacin da zaɓe ya gabato sai in ji matasanmu suna cewa tun fil azal Kano ta Malam Aminu Kano ce, ko wa ya ɗaga wa hannu ya ci. Ina ƙaunar Malam, Allah ya jiƙansa, kuma ƙaunar ce ta sa nake son a faɗi tarihinsa yadda yake. Daga 1954 zuwa 1964 Malam ya tsaya takara sau huɗu a cikin garin Kano. Sau ɗaya ya ci.

A 1954, zaɓen Majalisar Wakilai ta Ikko, Maitama Sule na NPC, jam'iyyar Sardauna mai mulkin Arewa, ya kayar da shi, lokacin Maitama yana ɗan shekara 25. A 1956, zaɓen Majalisar Dokokin Arewa da ke Kaduna, Alhaji Ahmadu Ɗantata ya kayar da shi. A watan Disamba na 1959 ne ya ci kujerar Kano ta Gabas ya tafi Ikko. A Disamba 1964 kuma Alhaji Mamuda Ɗantata, ƙanen wancan Ahmadun, ya karɓe kujerar a hannunsa. Mamuda bai daɗe a kanta ba, soja suka yi juyin mulki ran 15 ga Janairu 1966, majalisa ta watse, mazaɓar Kano ta Gabas ta tafi da ita har yau.

Abin da nake so mu tattauna: me ya sa mutumin da ake cewa garin nasa ne ya sha kaye sau uku? Mutanen Kano ne ba su yarda da shi ba a lokacin, ko tsarin zaɓen ne ya hana ra'ayinsu fitowa? Akwai dattawa a nan da suka ga wani abu da idonsu, don Allah su buɗe mana.

Auwalu Fagge:
Wa alaikumus salam Malam. Ai amsar a fili take, maguɗi aka yi masa. En'e, wato hukumar gargajiya da ke ƙarƙashin Sarki, ita ce da alƙalai, ita ce da 'yan doka, ita ce da gidan yari, kuma En'e da NPC Ɗanjuma ne da Ɗanjummai. Ta ina ɗan adawa zai ci?

Barista:
Auwalu, kalmar maguɗi ta yi wa zancen faɗi. Zaɓuɓɓukan nan huɗu ba iri ɗaya ba ne, kowanne da dokarsa, kuma a nan ne sirrin yake.

Na 1954 ba zaɓen kai tsaye ba ne a Arewa. Hawa-hawa ake yi. Masu biyan haraji a unguwa su zaɓi wakilai, waɗannan wakilan su taru su zaɓi wasu, har a kai ga rukuni na ƙarshe, 'yan mutane ƙalilan, su ne za su fitar da ɗan majalisa. To duk hawan da aka yi sama, talaka na raguwa, ma'aikatan En'e da masu unguwanni da mutanen fada na ƙaruwa. Mutumin da albashinsa da rawaninsa ke hannun Sarki, da wane ƙarfin hali zai zaɓi NEPU, jam'iyyar Malam? Ko a 1951 haka ta faru, har ma ta fi muni. NEPU ta yi rawar gani a matakan farko a cikin birni, amma doka ta ba En'e dama ta cusa nata mutanen, kashi goma cikin ɗari, a rukunin ƙarshe. Da aka gama, ko mutum ɗaya na NEPU bai shiga majalisar Kaduna ba. Ba a saci akwati ba, ba a buƙatar satar ma. Dokar ce ta yi aikin.

Na 1959 kuwa shi ne karo na farko da kowane namiji baligi ɗan shekara 21 a Arewa ya je da ƙafarsa ya jefa wa ɗan majalisar tarayya ƙuri'a a asirce. A karon farkon nan Malam ya ci. Wannan kaɗai ya isa ya nuna mana wani abu.

Baba na Koki:
Salamu alaikum. Jikana ne ke rubuta mini, ni nake faɗa.

Barista, Allah ya yi maka albarka, ka yi bayani, amma ka tsallake 1956, kuma da gangan nake jin ka tsallake ta don ba ta shiga lissafinka. A 1956 a cikin birane kai tsaye aka jefa ƙuri'a, ba hawa-hawa ba. Kuma Alhaji Ahmadu ya ci Malam Aminu. Wannan fa?

Ku yaran yanzu kun ɗauka duk wanda ya bi NPC a Kano ko matsoraci ne ko ɗan fada. Ba haka ba ne. Mu a unguwarmu gidan Ɗantata ba labari ba ne, abinci ne. Alhaji Alhassan ya rasu a 1955, shekara guda kafin wannan zaɓe, garin bai gama jimaminsa ba. Mutum nawa ne suke sayen gyaɗa a ƙauye da kuɗin gidan? Dillalai nawa, 'yan dako nawa, direbobi nawa, masu ɗinkin buhu nawa? Wa ya ba fatake bashin jari zuwa Gwanja sayen goro ba takarda ba shaida? Mahaifina yana cikin waɗanda ke jera buhuna a dalar gyaɗa. In ya dawo da yamma, wuyansa da kafaɗarsa duk sun yi kanta, ƙurar ɓawon gyaɗa ta yi masa fari a gira, amma da kuɗin cefane a aljihu. Ranar zaɓe ka ce masa ya bar ɗan gidan da ya yi masa sutura ya bi malamin makaranta mai zagin sarakuna? Ba tsoro ya sa ya ƙi ba. Halacci ne. Kuma mutanen da yawa a lokacin suna ganin taɓa sarauta taɓa addini ne, tunda tutar Shehu ce asalinta. Ko kun yarda ko ba ku yarda ba, haka zukata suke.

Sannan NEPU ta ɗaura aure da NCNC ta Zik tun 1954. Shekara ɗaya ke nan bayan rikicin Mayu na 1953, da aka zubar da jini tsakanin Fagge da Sabon Gari. Mutane ba su manta ba. Da 'yan NPC sun hau mumbari sun ce ga masu son sayar da Arewa ga 'yan Kudu, magana ta zauna.

Barista:
Baba, Allah ya ƙara lafiya. Na karɓi batun 1956, kai tsaye aka yi a birni. Sai dai a ƙara da cewa masu biyan haraji ne ke da ƙuri'a a wancan zaɓe, kuma rajistar haraji a hannun masu unguwanni take. Izinin yin lacca ma a hannun En'e yake. Amma ban musa ba, gidan Ɗantata na da jama'a ta gaskiya.

Auwalu Fagge:
Baba, da girmanka, amma halaccin da ka faɗa ai shi ne abin da Malam yake yaƙa. Talaka ya zaɓi mai gidansa saboda cikinsa na hannunsa, wannan ba 'yanci ba ne.

Baba na Koki:
Yaro, kai ma yau wanda ya biya maka kuɗin makaranta in ya tsaya takara za ka duba fuskarsa. Ban ce daidai ne ba, ban ce kuskure ne ba. Na gaya maka abin da ya faru.

Hajiya Yalwa:
Ina ta karantawa ina jira in ga ko wani zai tuna da mu, shiru. Kuna ta cewa "mutanen Kano sun zaɓa", "mutanen Kano sun ƙi". Waɗanne mutanen? A duk zaɓuɓɓukan nan huɗu babu mace ko ɗaya da ta jefa ƙuri'a. Matan Kudu sun yi zaɓe a 1959, matan Arewa sai 1976 aka ba su dama, kuma sai 1979 suka zaɓi 'yan majalisar tarayya da shugaban ƙasa. Wato mazaɓar Kano ta Gabas tun daga haihuwarta har mutuwarta rabin manyan da ke cikinta ba a taɓa tambayarsu ba.

Kuma ba don matan ba su damu ba ne. NEPU na da ɓangaren mata, kuma neman ƙuri'ar mata na cikin manufofinta tun ana yi mata dariya a kai. Hajiya Gambo Sawaba daga Zariya ta zo Kano tana tara mata tana yi musu magana, aka kama ta, aka ɗaure ta, aka kore ta daga garin. Kakata ta wajen uwa tana cikin kulle, ko zaure ba ta leƙawa, amma ta san duk abin da aka faɗa a lacca kafin gari ya waye, don yaran da ke yi mata tallan ƙuli-ƙuli su ne rediyonta. Daga ribar ƙulin nan take ƙulla kwabbai a bakin zane ta aika a saya wa waɗanda aka ɗaure abinci. Mijinta ɗan Salama ne, wato NPC, ita 'yar Sawaba, wato NEPU, a ɗaki ɗaya. Shi yana da ƙuri'a, ita ba ta da ita.

Shi ya sa ni a ganina ba a san ainihin ƙarfin Malam a Kano ba sai 1979, da mata suka fito layi. PRP, jam'iyyar Malam ta lokacin, ta cinye jihar, Abubakar Rimi ya zama gwamna. Ba na cewa mata kaɗai suka yi, amma ku je ku tambayi duk wanda ya ga layukan ranar.

Ɗan Gwammaja:
Hajiya, wallahi wannan magana ta fi duk abin da na zo da shi nauyi. Allah ya saka da alheri.

Bari in ƙara wani abu a kan 1954, domin labarin Maitama Sule yana da ban sha'awa. Shi fa yana cikin 'yan NEPU na farko-farko, jam'iyyar da mutum takwas suka kafa ran 8 ga Agusta 1950, ciki har da su Abba Maikwaru, Bello Ijumu, Magaji Ɗambatta da Mudi Sipikin. Malam Aminu a lokacin yana koyarwa a Maru, sai daga baya ya ajiye aiki ya dawo Kano, ya zama shugaban jam'iyyar a 1953. To ka ga wanda ya kayar da shugaban NEPU a 1954 shi ma tsohon ɗan NEPU ne. Haka shi ma Mamuda Ɗantata da ya kayar da shi a 1964, da can mai ra'ayin NEPU ne kafin ya koma NPC. NPC ta san abin da take yi. Ba ta tsayar wa Malam hakimi mai rawani ba. Farko ta kawo matashi ɗan boko mai zaƙin baki wanda ya san NEPU ciki da bai, sannan ta kawo 'yan kasuwa masu jama'a har sau biyu.

Maitama daga nan tauraronsa ya haska. Ya zama ministan ma'adinai da lantarki daga 1959 har juyin mulki, ya nemi tikitin shugaban ƙasa a NPN Shehu Shagari ya samu, ya wakilci Najeriya a Majalisar Ɗinkin Duniya, ya rasu a 2017 yana Ɗanmasanin Kano. Kuma har ƙarshen rayuwarsa da girmamawa yake ambaton Malam.

Sadiya BUK:
Don Allah Malam ina da tambaya. Mamuda Ɗantata shi ne mai alaƙa da Wapa ta 'yan canji?

Auwalu Fagge:
Shi ne, ƙanwata. Ya kafa kamfanin jigilar alhazai na Afirka ta Yamma, WAPA a taƙaice, a Fagge. Alhazai daga ko'ina suna sauka a nan kafin su wuce Makka, dole su canza kuɗi, daga nan sana'ar canji ta kafu a wurin. Har gidan silima ya yi da sunan. Yau kowa na cewa zan je Wapa, kaɗan ne suka san mai wurin shi ne ɗan majalisar Kano ta Gabas na ƙarshe.

Sadiya BUK:
Ikon Allah. To yaya ake jefa ƙuri'ar a 1959 tunda yawancin mutane ba su yi boko ba?

Baba na Koki:
'Yata, wannan na gani da idona, ko da yake shekaruna ba su kai in jefa ba, rakiya na yi. Ba dangwale ake yi a takarda ɗaya kamar yanzu ba. Kowane ɗan takara da akwatinsa, an manna alamar jam'iyyarsa a jiki. NPC fartanya, NEPU tauraro, NCNC zakara, Action Group bishiyar kwakwar manja. Akwatunan suna cikin wani ɗan ɗaki da aka kare. A duba sunanka a rajista, a ba ka takarda, ka shiga kai kaɗai, ka zura a akwatin da kake so, ka fito. Mutane da yawa ba su yarda cewa ba a ganinsu ba. Ana ta raɗe-raɗin cewa Sarki na da hanyar sanin inda kowa ya jefa. Na ga dattijo ya fito daga ɗakin gumi ya jiƙa masa riga sharkaf, alhali Disamba ne, hunturu ake yi. Bai gaya wa kowa inda ya jefa ba, har 'ya'yansa.

Da dare sakamako ya fara fitowa. Da aka ce Malam Aminu ya ci, garin ya ɗauka da "Sawaba! Sawaba!" A gidanmu ba a yi murna ba, amma mahaifina ya ce Allah ya ba shi, a bar shi ya je a ga abin da zai yi.

Ɗan Damagaram:
Gaisuwa daga Zinder. Ina bin zancen nan da sha'awa don mu ma ya shafe mu. A daidai shekarar da Malam Aminu ya ci kujerarsa, 1959, a nan Nijar aka haramta jam'iyyar Sawaba ta Djibo Bakary. Magoya bayanta da dama Kano suka gudo, kuma 'yan NEPU ne suka karɓe su. Gwamnatin Diori Hamani kuwa da gwamnatin Sardauna suna ɗasawa. Don haka a wajen dattawanmu cin zaɓen Malam ba labarin wata ƙasa ba ne. Su an rufe musu ƙofa gaba ɗaya, ku kuwa aƙalla an bar muku taga.

Barista:
Gaskiya ne ɗan'uwa, kuma tagar ƙarama ce. Ga lissafin 1959: kujeru 312 a majalisar, 174 daga Arewa. NPC ta tashi da 134, NCNC 81, Action Group 73, NEPU 8 kacal. To a nan ne abin da ya fi ɗaure kai a tarihin kujerar nan ya faru. Ba jam'iyyar da ta samu rinjayen kafa gwamnati ita kaɗai, sai NPC da NCNC suka haɗu, Abubakar Tafawa Ɓalewa ya ci gaba da zama Firayim Minista. NEPU kuwa ƙawar NCNC ce. Sai ga Malam Aminu, wanda ya ci zaɓe da yaƙar NPC, yana zaune a ɓangaren gwamnatin NPC a Ikko, har da muƙamin mataimakin mai tsawatarwa na ɓangaren gwamnati. Aikin mai wannan muƙami shi ne ya tabbatar 'yan majalisa sun halarci zama sun goyi bayan ƙudurin gwamnati. A daidai lokacin, a Kano da Katsina da Sakkwato, alƙalai na ɗaure magoya bayansa kan lacca ba izini ko zagin hakimi.

Ni a nawa ra'ayin wannan ya yi wa NEPU illa ƙwarai. Ɗan jam'iyya da ya sha bulala a ƙauye zai tambayi kansa, to me muka samu? A zaɓen majalisar Arewa na 1961 jam'iyyar ta kusa shafewa.

Ɗan Gwammaja:
Barista, a nan zan saɓa maka. Wace hanya ce ta rage masa? Mutum takwas cikin 312. In ya raba gari da NCNC, ya rasa lauyoyin da ke kare mutanensa da ɗan tallafin da jam'iyya ke numfashi da shi. In ya koma adawa, sai ya zauna bayan Awolowo na Action Group, wanda a Arewa a lokacin sunansa kaɗai ya isa ya kashe ɗan takara. Ya zaɓi ya zauna inda za a ji muryarsa. Bai zama minista ba, bai tara dukiya ba, gidansa na Gwammaja yana nan, Mambayya, kowa ya je ya gani. Kuma daga wannan kujera ce aka riƙa sa shi cikin tawagar Najeriya zuwa Majalisar Ɗinkin Duniya, duniya ta san shi. Wanda ya yi wannan zaman na shekara biyar shi ne Gowon ya kira a 1967 ya ba shi kwamishinan sadarwa na tarayya, daga baya na lafiya.

Barista:
Ban ce ya ci amana ba, Malam, Allah ya kiyaye. Cewa na yi farashin da aka biya ya yi tsada, kuma talakan ƙauye ne ya biya.

Auwalu Fagge:
Kakana na cikin waɗanda suka biya. Tela ne. An kama shi an kai shi gaban wani alƙali saboda ya ɗinka wa matasa huluna masu alamar tauraro, aka ce ya taimaka wa taron da ba izini. Wata uku ya yi. Da ya fito kan kekensa ya yi tsatsa, masu kawo ɗinki sun watse don tsoro. Amma har ya rasu bai taɓa cewa Malam ya yashe su ba. Abin da yake faɗa shi ne, da can in ɗan sarki ya zo wucewa sai ka cire takalmi ka durƙusa, Malam ne ya ce mu tashi tsaye. Shi a wajensa wannan ya fi kujera.

Baba na Koki:
Allah ya jiƙan kakanka. Ba na kare zalunci, an yi shi, kuma 'yan Jam'iyyar Mahaukata da suka riƙa dukan 'yan NEPU abin kunya ne gare mu. Amma su ma 'yan NEPU suna da nasu matasan masu sanduna, kuma bakinsu ba linzami. A faɗi duka.

Sadiya BUK:
To 1964 fa? In mutane sun zaɓe shi a asirce a 1959, me ya canza cikin shekara biyar?

Barista:
Abubuwa da yawa. Na farko, Kano kanta ta girgiza. Gwamnatin Sardauna ta sa Baturen nan Muffett ya binciki kuɗin En'e ta Kano, sakamakon haka Sarki Muhammadu Sanusi ya sauka a 1963 ya koma Azare. Sarki Inuwa ya hau, bai cika shekara ba ya rasu, Ado Bayero ya hau a Oktoban shekarar. Masu jin zafin abin da aka yi wa Sanusi suka kafa jam'iyyar mutanen Kano, KPP. Sai ga wani abin mamaki: NEPU, wadda ta sha wuya a zamanin Sanusi fiye da kowane zamani, ta haɗa kai da magoya bayansa, da UMBC ta Joseph Tarka, a ƙawancen NPF. Wannan ƙawancen ya shiga babbar haɗakar UPGA tare da NCNC da Action Group.

Na biyu, zaɓen kansa. An hana 'yan adawa da dama a Arewa ko miƙa takardar tsayawa, aka ce 'yan NPC sun ci ba hamayya. Ana gab da zaɓe, wanda aka yi ran 30 ga Disamba, UPGA ta ce a ƙaurace. A Gabas ba a yi zaɓen ba sam, a Arewa kuwa aka buɗe rumfuna. Ka ga magoya bayan Malam sun shiga ruɗu, wasu sun ji an ce kada a fita, sunansa kuma yana kan akwati. NPC ta kwashe 162 cikin kujeru 167 na Arewa. Zik, shugaban ƙasa a lokacin, ya yi kwanaki yana jan ƙafa kafin ya kira Tafawa Ɓalewa ya kafa gwamnati. Don haka kayen 1964 ba ma'auni ba ne mai kyau na ra'ayin Kano.

Baba na Koki:
Kun ga dai duk inda Malam ya faɗi sai kun samo dalili, inda ya ci kuma ku ce muryar jama'a ce. Alhaji Mamuda ma yana da mutane. Alhazan da ya kai Makka da iyalansu ba ƙuri'a ba ne?

Hajiya Yalwa:
Baba, alhazan maza dai. Hajiyoyin da ya kai suna gida.

Baba na Koki:
Hajiya, kin gama da ni a nan, ba ni da amsa.

Ɗan Gwammaja:
Baba yana da gaskiya a wani ɓangare, kuma dalilin da ya sa na buɗe zancen ke nan. Garin a rabe yake, kusan biyu, kuma raba shi ɗin ba tsakanin nagari da mugu ba ne. Akwai fada da malamanta da ma'aikatanta, akwai manyan attajirai da duk wanda ke ci a ƙarƙashinsu, a ɗaya hannun kuma akwai teloli, mahauta, ƙananan 'yan kasuwar Kurmi, malaman zaure da ba su da alaƙa da fada, da baƙin da suka zauna a Waje. In gari ya rabu haka, ƙaramin abu ke karkata sakamako: wa aka yarda ya yi rajista, a fili za a zaɓa ko a ɓoye, wa ke ba da izinin lacca, an ƙaurace ko ba a ƙaurace ba. Abin da ya sa nake ganin Barista ya fi kusa da gaskiya shi ne abin da ya biyo baya. Bayan 1966 soja suka raba En'e da 'yan doka da gidajen yari da kotuna, aka ƙirƙiro Jihar Kano a 1967, aka yi gyaran ƙananan hukumomi a 1976, mata suka samu ƙuri'a. Da aka cire waɗannan duwatsun daga kan sikeli, a 1979 ba a ma yi kusa ba.

Sadiya BUK:
Yanzu wace mazaɓa ce ta gaji Kano ta Gabas?

Barista:
Ba guda ɗaya ba ce, don garin ya ninka kansa sau da yawa. A tsarin 1999 majalisar wakilai na da kujeru 360, Jihar Kano na da 24, kuma cikin gari kaɗai akwai Birni da Kewaye, Dala, Gwale, Fagge, Nassarawa, Tarauni da Kumbotso, kowacce da ɗan majalisarta. Shugabannin majalisar biyu na farko a wannan jamhuriya ma daga cikinsu suka fito: Salisu Buhari na Nassarawa, wanda ya sauka a Yulin 1999, da Ghali Umar Na'Abba na Birni da Kewaye, wanda ya riƙe har 2003.

Auwalu Fagge:
Bakwai yanzu a maimakon ɗaya ko biyu, amma ka tare mutum a Kantin Kwari ka tambaye shi sunan ɗan majalisarsa da ƙudurin da ya taɓa kawowa, ka ga ko zai iya faɗa. Kakana bai yi boko ba, amma ya san abin da Malam ya faɗa a Ikko, don ana karanta musu a shago.

Hajiya Yalwa:
Sadiya, tunda a jami'a kike, ga aiki. Mambayya na hannun jami'arku, akwai takardu a can, akwai kuma a gidan adana tarihi na Kaduna. Amma waɗanda suka fi gaggawa su ne irin su Baba da tsofaffin matan cikin gari da suka ga 1959 ta bayan labule suka kuma yi layi a 1979. Ki ɗauki waya ki naɗi muryarsu. In kina so, akwai biyu a unguwarmu, zan kai ki da kaina.

Sadiya BUK:
Ina so ƙwarai, Hajiya, zan yi miki magana ta akwatin sirri. Baba, in ka amince, da kai zan fara.

Baba na Koki:
Ki zo bayan la'asar kowace rana ban da Juma'a. Ki taho da Auwalu, akwai sauran magana tsakanina da shi a kan 1956.